Hoton Baba Tsoho da Kurar Kwana Uku

A ɗakin kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, akwai hoto guda ɗaya tak, kuma ina jin a duk ƙauyenmu da ke gefen Durun babu wani sai shi. An sa shi a gilashi, an rataye sama da inda yake jingine kwari da baka. Baba Tsoho ne a ciki yana saurayi, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya haɗe gira, ya cije baki, kumatunsa sun ɗan kumbura. A gabansa ga wata ƙatuwar kura ta ɗaga kai kamar ita ma ta san hoto ake yi. Bayansu kuwa zanen gidan bene ne da tukunyar furanni. Duk baƙon da ya gani sai ya girgiza kai ya ce, "Dubi fuskar maza." Kakata Iya in ta ji haka sai ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Na daɗe ina zaton kukan tuna jarumtar mijinta take yi.

Zamanin gyaɗa ne. Da an gama kaka, aikin da ya rage mana mu yara shi ne ɓarar gyaɗar iri. Bayan an ci tuwo sai Iya ta hura wuta da kara da ɓawon gyaɗa a ƙofar ɗakinta, ta zube mana kwando a tsakiya, kowa ya ɗauki ƙoƙonsa. Ita ma ɓara take yi, kuma ta fi mu duka sauri, duk da ƙaramin yatsanta na dama a lanƙwashe yake tun tana yarinya da igiyar shanu ta fizge shi. Ladanmu tatsuniya ce, dokar kuma ɗaya ce.

"In hannunku ya tsaya, bakina ma ya tsaya. Kai kuma maigidan, ina ganinka. Ɗaya a ƙoƙo, biyu a baki. Haka za ka ciyar da ni in na tare?"

Ni ke nan. Ban taɓa musu ba, don bakina a cike yake.

Baba Tsoho yana can gefe a kan buzunsa, yana tufkar igiya, kamar ba ya ji. Mutum ne mai in'ina sosai. Kafin ya gama amsa sallama mai sallamar ya zauna ya sha ruwa. Saboda haka ba ya yawan magana, mu kuma ba mu san shi da komai ba sai shiru da goro.

Iya tana da tatsuniyoyin gizo da na 'yan matan rafi kamar kowace kaka, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta maharbi da kura. Ba ta buɗe ta yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, tana ɗingishi." Mu ce, "Ta ƙaraso mu ba ta tabarma."

Ta ce wai an yi wani maharbi a wani gari, ba ta san sunansa ba. A nan duk sai mu saci kallon Baba Tsoho, shi kuma ya ƙara sunkuyar da kai kan igiyarsa. Maharbin nan Allah ya ba shi hannu, bai ba shi baki ba. Su kuwa maharba, in ji Iya, rabin aikinsu harbi ne, rabi kirari. In ka kashe dabba ba ka tsaya a dandali ka faɗi ko kai wane ne ba, to wani zai faɗa a madadinka, ya sa sunansa.

A shekarar wata kura ta addabi rugagen yankin, ta cinye maruƙa uku. Maharbin nan ya hau bishiyar kanya kusa da garke ya yi ta jira, har ranar da ta zo da asuba ya sakar mata kibiya mai dafi a haƙarƙari. Ta gudu ta faɗa kwazazzabo ta mutu. Ya jawo ta har ƙofar mai unguwa. Kafin ya iso, ashe wani Tanko na Garo, mai bindigar toka da baki kamar ganga, ya riga shi zuwa. Tanko ya ce ai shi ya ɗirka mata bindiga tun jiya, wannan bawan Allah gawa ya tsinta ya soka mata kibiya.

Mai unguwa ya ce, "To kai me ka ce?"

Iya takan ajiye gyaɗa a nan, ta zaro ido, ta buɗe baki. "Ni... ni... ni..." Ta ce kafin maharbin ya wuce "ni", Tanko ya yi kirari uku, ya sha ruwa, ya fara na huɗu. Mai unguwa ya gaji ya ce duk Allah ya yi musu albarka. Kafin azahar mata a bakin rijiya suna cewa kurar Tanko.

"Da barewa ce," in ji Iya, "da ya yanka ya aika wa kowane gida, bakin da ya ci naman ya yi masa shaida. To wa zai ci kura? Abin ya ci masa rai, 'yan nan. Ya yi kwanaki a kan reshe sauro na cinsa, ga shi an ƙwace a tsaye."

Sai ya tuna wani abu. Ran da ya kai gyaɗarsu awo Gwarzo, ya ga hoton wani Bature a kanti, ya ɗora ƙafa a kan ɓauna. Ba wanda ya taɓa jin kirarin Baturen nan, ba wanda ya san ko ɗan rakiyarsa ne ya yi harbin, amma duk wanda ya shiga kantin sai ya ce Bature ya kashe ɓauna. Kuma akwai wani Bayarabe mai hoto da yake biyo akawun gyaɗa, yana kafa akwatinsa a bakin kasuwa. Maharbi ya ce a ransa, ga kirarin da ba ya buƙatar baki.

Matsalar ita ce mai hoto sai ranar kasuwa yake zuwa, kasuwa kuwa saura kwana uku.

"Kwa... kwana biyu ne," Baba Tsoho zai ce daga kan buzunsa, ba tare da ya ɗago ba.

"Malam, wa ya sa da kai? Tatsuniya nake yi. Uku ne."

Duk ranar da aka yi wannan tatsuniya sai an yi wannan musu, kuma nan ne kaɗai yake sa baki.

Kwana ukun nan maharbi bai huta ba. Da rana yana korar ungulu, in ya juya baya masu neman magani suna tsigar gashin kura. Wata tsohuwa ma ta zo da wuƙa wai ɗan guntun wutsiya kawai take so. A rana ta biyu kura ta fara kumbura. A ta uku, mutanen gidansu suka roƙe shi don Allah ya matsa da ita bayan gari.

Ranar kasuwa ya ari jaki. Jaki ya shaƙi warin kura, ya tsinke igiya, ba a same shi ba sai a Kabo. Sai maharbi ya nannaɗe kura a tsohuwar tabarma ya tare motar gyaɗa, ya hau can saman buhuna. Ba su yi nisa ba fasinjoji suka fara kallon juna, kowa na zargin na kusa da shi. Wani tsoho ya ce wa maƙwabcinsa ya ji tsoron Allah. Da direba ya tsaya aka kwance tabarma, sai aka sauke su shi da kurarsa a tsakiyar hanya, ba a ko karɓi kuɗin mota ba. Sauran tafiyar a kafaɗa ya yi ta. Iya ta ce da ya shiga kasuwar Gwarzo, mutane suka dare masa hanya yadda ko hakimi ba a dare wa.

Mai hoto ya toshe hanci da hankici, amma bai ƙi aiki ba. Ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya rataye zanen bene. Ana cikin haka sai ga Tanko na Garo, ya ji labari ya biyo sawu. Ya ce ai kurarsa ce, shi za a fara ɗauka. Maharbi ya buɗe baki, "Ni... ni..." Tanko ya riga ya tsaya. Mai hoto ya shige cikin baƙin ƙyallensa ya ce kada kowa ya motsa sai ya ƙirga goma. Tanko ya gyara hula, ya riƙe bindiga, ya ɗaga ƙafa irin na Bature ya danna a kan cikin kura.

Nan Iya takan tsaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa mun riga mun fara birgima.

Cikin da ya kwana uku yana kumbura, aka taka shi. Kura ta saki wani gurnani mai tsawo, ƙafarta ta baya ta miƙe. Tanko ya yar da bindiga ya ce, "Wayyo, da ranta!" Ya bi ta kan masu daddawa, ya fita ta rumfar mahauta. Da aka wanke hotonsa ba a ga komai ba sai kura da takalmi ɗaya.

Maharbi ya zo ya durƙusa. Mai hoto ya leƙa ya ce a'a, haka ba zai yi ba, kan kura a ƙasa yake, in aka ɗauka za a ce buhun gyaɗa ne. Ya ce dole sai wani ya shiga bayan zane ya riƙe mata kai. Mazan da suka cika wurin kowa ya tuna yana da sayayya.

"Sai wata 'yar tallan nono," in ji Iya, "mummuna, marar kunya, ta ajiye ƙwaryarta. Ɗaya daga cikin maruƙan da kurar ta ci tata ce, wata ja da ubanta ya ba ta. Kuma da safiyar da aka harbi kurar, ita ta ga wanda ya sauko daga kanya. Ta ɗaure hanci da mayafi, ta shige bayan zane, ta kama kunnen kura ta ɗaga."

Mai hoto ya fara ƙirga. Maharbi ya ga in ya ja numfashi ko sau ɗaya amai zai yi a gaban kasuwa, sai ya cika kumatu da iska ya riƙe, ya haɗe gira, ya cije baki. Mai hoto kuma ba ya sauri, a bakwai ma ya tsaya ya kori ƙuda.

"To wannan ita ce fuskar maza da ake faɗa," in ji Iya. "Numfashi ya riƙe."

Daga ranar ba a ƙara cewa kurar Tanko ba. Mutane suka ce wanda ya iya zama da wannan wari kwana uku, ai tasa ce. Iya ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Ƙurunƙus, kan kura mai kumburi. A kawo ƙoƙuna in gani." Nawa kullum shi ne na ƙarshe.

Mun sha tambayar ta ina 'yar nonon ta tafi. Sai ta ce wa ya sani, ƙila ta auri wani wanda bai fi ta wayo ba. Nonon ranar dai ba wanda ya saya, wai ya ɗauki wari.

Na girma, na tafi Kano karatu, na zama malamin makaranta. Gyaɗa ta ja baya, motocinta suka daina bi ta hanyarmu. Iya ta rasu ina shekara ta biyu da fara aiki. Na zo gaisuwa, bayan an watse na shiga ɗakin Baba Tsoho na same shi zaune, hoton a kan cinyarsa. Ya dushe ƙwarai, benen ya kusa ɓacewa, kurar ta zama wani toka-toka. Don in ɗebe masa kewa sai na ce, "Baba, har yanzu ana kallon kura?"

Ya girgiza kai. Ya kama hannuna ya ɗora yatsana a wani wuri da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun nan, daidai kunnen kura, inda zanen ya ɗan tattare. Yatsu huɗu ne suka leƙo, sirara, na mace. Ƙaramin cikinsu a lanƙwashe yake.

Sau nawa na ji tatsuniyar nan, yatsan yana gabana yana ɓarar gyaɗa, ban taɓa haɗawa ba. Kunya ta kama ni, kewarta ta taso mini gaba ɗaya.

Yanzu in na ga maharba a wayar 'ya'yana, an jera bindigogi, an ɗora ƙafa a kan dabba ana hararar mai ɗauka, yaran sukan ce alfahari ne kawai. Wataƙila. Ni dai ba na saurin yi musu dariya. Na san mutum yakan yi wahala shi kaɗai a daji, ba mai gani, ya dawo yana son a yarda cewa shi ne. Kuma nakan duba gefen hoton, in ga ko akwai hannun wani. Kakana ya je Gwarzo neman takardar da za ta yi masa kirari, ya dawo da ita, ya kuma dawo da bakin da ya yi ta faɗin labarinsa har tsufa, ko da yake Iya ba ta taɓa faɗa ba tare da ta yi masa tsiya ba.

Ran nan dai na ɗauki hoton daga cinyar Baba Tsoho na mayar da shi inda ake rataye shi. Da na tashi zan fita sai ya kira ni. Ya ɗauki lokaci yana kokawa da maganar, na tsaya na jira, tunda yanzu babu mai tarar numfashinsa.

"Kwa... kwa... kwana uku ne," ya ce. "Ita ce da gaskiya."