Dalhatu Mai Jar Tuta

Shekara talatin Dalhatu ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Parakou, yana sauya wa jirgi layi, yana ɗaga jar tuta. Amma da ya je Djougou neman auren Turai, ce wa danginta ya yi shi direban jirgi ne. Layin dogo ya tsaya a Parakou, bai kai garinsu ba, wa zai ƙaryata shi? Turai ta gano, ta rufa masa asiri.

Bayan ya bar aiki, wata malamar jami'a ta zo gidansa a unguwar Albarika tana tattara tarihin dogo. Ya saki baki har da ba ta hoto, don an daɗe ba a tambaye shi komai ba. Da littafin ya fito, sai ga shi a shafi guda, tuta a hannu.

Ranar sunan jikarsa, Hamisu ƙanen Turai ya iso daga Djougou da littafin a hammata. Dalhatu ya ture kwanon miya gefe.

"Mijin Yaya, ashe an sa ka a littafi."

"Hamisu, maganar direban nan..."

"Wane direba? Kamiyon Baba, babbar motar nan, ke kwasar gishiri a tasharku. Tun kafin aure yake ganinka cikin rana da tutarka. Cewa ya yi wanda jirgi ke tsaya wa ya isa riƙe iyali."

Dalhatu ya yi ajiyar zuciya, ya jawo kwanon miya.

"To buɗe shafin, ka karanta wa mutane da ƙarfi."