Takardar da Ke Cikin Bangon Zaure

Ranar Larabar ƙarshe kafin a yi wa gidanmu yaɓen damina, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, kakana Abba ya sa aka shimfiɗa tabarmar kaba a gindin bedin tsakar gida, ya fito da gafakarsa ta jar fata. Hantsi bai gama ɗagawa ba. An kammala sharar gonaki a ƙauyenmu na ƙasar Gaffati, hayaƙin karan da aka ƙona yana tashi ta bayan gari, tsofaffi kuma sun fara ɗaga kai suna duban gabas. Kaka ya kwance igiyar gafakar, ya riƙa zaro takardu ɗaya bayan ɗaya yana baza su, kowace ya danne ta da tsakuwa. Haka yake yi duk shekara: su sha iska, a barbaɗa musu garin taba saboda gara, a karanta, a mayar. Jikoki duk muka kewaye shi, amma mutum ɗaya ne ke hawa tabarmar, Laminu, ɗan kawuna, taubashina kuma tsarana. Ni ina can gefe a kan kifaffen turmi, raina na tafasa, don ba abin da nake so a duniya kamar in ji an kira sunana daga cikin gafakar nan.

Takardun ba su fi takwas ba, amma duk tafiyar gidanmu tana cikinsu. Mafi tsufa wasiyya ce da ta yi ja kamar ƙanzo, ta kakan kakansa wanda ya baro Barno da jakunan kanwa ya sauka a Zermu, ya bar wa ƴaƴansa gona guda da tukunyar ƙarfe. Sai takardar alƙali ta wata fadama a Guna, inda ɗansa ya koma bayan rijiyarsu ta ƙafe. Sai wata da Faransanci mai hatimin kumandan, Baturen mulki, wadda ta raba gardamar iyaka a nan inda muke zaune. Kaka ba da ido yake karantawa ba, don idon ya yi rauni. Yatsa yake ɗorawa a kan layi, sauran ya zubo daga ka: wane ya haifi wane, ya tashi daga gari kaza saboda kaza, gonarsa ta tashi daga gawo ta tuƙe a kan gamba. In ya iso ƙarshe sai ya dafa kan Laminu ya ce, "Gona ba ta magana, takarda ke yi mata baki." Laminu kuma ya washe haƙora, sai ka ce shi ya koro jakunan daga Barno.

Ni ƴar mace ce a gidan, ta wajen uwa nake jikar Kaka. Mahaifina baƙo ne, mai ginin rijiya, ya zo aiki aka ga hankalinsa aka ba shi Inna, ya rasu ina goye. Abin da aka sani nasa bai wuce Ali Mai Rijiya ba. Ba wanda ya san ubansa, ba wanda ya san garinsu, sai dai a nuna arewa da haɓa. Ba a taɓa hana ni tuwo ba, wallahi ba zan yi wa kowa ƙarya ba, amma in faɗa ya haɗa mu a bakin rijiya sai wata ta murguɗa baki ta ce, "Ƴar wa?" Kalmar nan ta fi dundu zafi. Abin haushin kuma, ni ce ta ɗaya a aji. Mushe, malaminmu, yakan fito da ni gaban allo in karanta, Laminu na can baya yana zanen raƙumi a kayensa, littafin rubutu, tara sau bakwai ma sai ya ƙirga da yatsun ƙafa. Amma shi ke da kakanni bakwai a jere, ni ina da guda ɗaya, shi ma rabin suna.

Saboda haka ban bar shi ya sha ruwa ba. Wasan taubasai ya ba ni ƙofa, na shige har da tabarmata. In muna langa da ƴan mata ya zo wucewa sai na sa masa ƙafa. In an aike mu tsinko tafasa ko yakuwa sai na kwashe tasa na ce akuya ce. Na taɓa zuba masa ƙaiƙayi a riga ranar casa, ya yini yana susa ina dariya har da hawaye. Shi kuwa sanyin hali gare shi, sai ya ce, "Zulai, ke dai Allah ya shirye ki," ya wuce, wannan sanyin ma haushi yake ba ni. A ranin shekarar Kaka ya ɗaura wa jaki akumari ya yi tafiyar kwana tara zuwa Zermu, bai ɗauki kowa ba sai Laminu. Suka dawo da dabino, aka ba ni nawa, na jefa wa kaji. Bayan nan aka yi takun iyaka, wanda dattijo ke zagaya gona da yaro yana nuna masa kowane gindin gamba da kowace aguwa, a kowace kusurwa ya murɗe masa kunne don kada ya manta. Na bi su daga nesa da tulu a kai kamar mai zuwa ɗiban ruwa. Na ga sun daɗe a gayaunar da ke kusa da tsohuwar rijiya, na ga Kaka ya murɗe kunnen Laminu har ya yi tsalle. Ko murɗar kunnen nan sai da na yi kishinta.

To, ranar Larabar nan akwai takarda ta tara. Sabuwa ce fil, fara, tawadar ko dusashewa ba ta yi ba. Wani malami da ya yi rani a masallacinmu ne ya rubuta ta da ajami. Kaka bai karanta ta a gabanmu ba. Ya dai ɗaga ta, ya jawo Laminu ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, abin da kunnena ya kama kawai shi ne, "Amana ce a wuyanka." Na ce a raina shi ke nan, an ƙara masa wata gonar, mai shi ake ƙara wa. Da aka kira azahar maza suka fita, aka bar Laminu gadin takardu, can sai ɗan akuya ya tsinke ya nufi shanyar gero, ya tashi ya bi shi. Ban san lokacin da na sauko daga turmin ba. Na ɗage tsakuwar, na cusa takardar cikin zanena, na fice. Niyyata in jefa ta a murhu, amma da na buɗe na ga bisimilla a kanta sai na fasa. An hore mu tun muna ƙanana cewa takarda mai sunan Allah ba a yaga ta, ba a taka ta, ba a yar da ita. In ka tsince ta sai ka nemi tsagar bango mai tsayi ka saƙala. Haka na yi, kamar yarinyar kirki. Na taka dutsen niƙa, na linke ta huɗu, na tura ta can cikin tsagar bangon zaure, na ce ya ɗan sha wuya kwana biyu tukuna in fito da ita.

Na manta da yaɓe. Washegari da sassafe kawunnaina suka kwaɓa ƙasa da kashin jaki, mu ƴan mata muna jigilar ruwa. Ina tsaye da tulu a kai ɗayansu ya dunƙulo laka ya maka a kan tsagar nan, ya shafe da tafin hannu sumul. Bakina ya buɗe, amma tsoro ya rufe shi. Daren jiya an riga an birkice gidan, an duba bakin akuyoyi, an leƙa rijiya, uban Laminu ya zane shi da tsumagiyar bedi har Kaka ya shiga tsakani. In faɗi gaskiya, da na ji kukansa daɗi na ji, wani daɗi mai ɗaci kamar ɗanyen goro. Kaka bai yi faɗa ba. Ya ce in malamin ya dawo bayan girbi za a sake rubutawa, ya ƙara da cewa, "Hassada ga mai rabo taki ce," ba tare da ya dubi kowa ba. Na daɗe ina tambayar kaina ko da ni yake. Bai kai girbin ba. Ana tsakiyar marka zazzaɓi ya kama shi, kwana uku ya cika, malamin kuma ya yi gabas ba a sake jin duriyarsa ba.

Shekara na zagayowa Inna ta yi aure a Damagaram, ta tafi da ni. Na yi karatu, na zama malamar lakwal, na yi aure, na haihu, na aurar. Laminu ya zauna a ƙauye yana noma. Duk shekara bayan girbi sai ga amalanke a ƙofar gidanmu da dammunan gero, a ce in ji Laminu. Ni kuwa in taɓe baki in ce mai gonakin gado yana nuna mana arziki. In mun haɗu wurin suna ko gaisuwar mutuwa ba ya iya haɗa ido da ni, ya gaishe ni kansa a sunkuye ya zame. Na ɗauka girman kai ne, na riƙe masa wannan ma.

Bara, da aka ce a kai maganar gonaki meri, ofishin magajin gari, a yi musu takardun zamani, sai ga shi da gafakar a ƙarƙashin hammata, gemunsa ya yi fari. Ya ce ni ce mai boko, in taya shi. Muka baza takardu takwas a kan tabarma a tsakar gidana, ya karanta ajamin, na karanta ta kumandan, muka bi sawun mutanenmu daga Barno zuwa Zermu, daga Zermu zuwa Guna, har gida. Ina rubutawa a kaye, tsohon haushin nan na taso mini, ga ni da jikoki. Da muka gama sai ya ce gayaunar tsohuwar rijiya da sunana za a rubuta ta. Na ce ban gane ba. Sai ya ce, "Zulai, na ci amanarki tun muna yara." Ashe tafiyar Zermu neman asalin ubana Kaka ya je. Ya bi tsofaffin masu ginin rijiya gida gida har ya samo sunaye biyar a jere da sunan garin da suka baro a arewa. Ashe takarda ta tara tawa ce: sunayen nan, da wasiyyar gayauna, tunda ƴar mace ba ta gadon kaka sai abin da ya yi mata wasiyya. Ranar rabon gado Laminu ya kawo maganar wasiyyar, aka ce ina takarda, aka ce yaro ya rufa wa mutane baki. Gayaunar ta faɗa kason ubansa, daga baya ta zama tasa, geron da nake taɓe wa baki nawa ne.

Na faɗa masa. Ban san yadda maganar ta fito ba, amma na faɗa masa duka, da turmin, da dutsen niƙa, da tsagar bango. Na jira ya zage ni ko ya yi mini dariyar taubasai. Ya daɗe yana murza igiyar gafakar, sannan ya shafa kunnensa, ya ce Kaka ya sa shi haddace sunayen, amma yaro ne, ga duka, ga shekaru. "Ali ɗan Musa, Musa ɗan Tanko," ya ce, ya tsaya, leɓensa na motsi. Biyun ƙarshe sun tafi, sunan garin ma ya tafi. Na tambaye shi zauren. Ya ce ai ya rushe tun wata damina mai ruwa, an kwashe ƙasar an zuba a gona.

Yanzu sunana yana cikin gafakar, a kan takarda mai tambari wadda inji ya buga, ta tara a jere. Ba a ƙara baza su a gindin bedi, ba a murɗe kunnen kowa a kan iyaka, yaran yau hoto suke ɗauka da waya su ce sun adana. Na je na ga gayaunar, geronta ya yi kyau. Har yau ina kishin Laminu, ba don gona ba, don kwana taran nan da ya yi a bayan jaki yana jin ana kiran kakannina. In jikokina suka ce in ƙirga musu nawa, nakan kai uku in tsaya. Sauran biyun ni na rufe su da hannuna.