Kawu Ilu da ɗakin tumatinsa

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Madarumfa ya san ba ya gaisawa da mutum da safe sai ya fara gaida shukarsa. Daga masallaci zai zarce bayan ɗaki, ya duƙa kan yaji da yakuwa yana tambayarsu yadda suka kwana. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, kuma sau da yawa nakan tsaya da kokon kununsa a hannu har ya huce, ina jiran ya gama da alayyafo.

Shekara da shekaru yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Katsina. Da idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi, sai zaman gida ya fara cinsa, har ya rame. Ana nan ya ɗauki alwashin sai ya ci ɗanyen tumati na gidansa a tsakiyar damina, lokacin da ko a kasuwa ba a samunsa. Wani ya nuna masa a waya yadda ake yi wa shuka ɗan ɗaki a rufe ta. Ya tafi wurin malamin gona neman shawara, malamin ya ce masa ƙasarmu akwai zafi, ya yi na raga, ya bar na leda. Kawu ya saurara da kyau, ya yi godiya, washegari ya hau mota zuwa Ɗan Issa ya sayo leda.

Wurin shanyar matarsa, Inna Habsu, ya ƙwace ya kafa ɗakin. Ga shi bazara ce. Kwana huɗu dashen tumatin ya yi a ciki ya kwanta laƙwas. Inna ta leƙa, ta ce masa ya hutar da ita sayen itace, tunda ga miya ta dahu tun tana gona. Ya ce babu laifin leda, irin ne mai raki. Don ya nuna mana babu wani zafi, ya ɗauki kujera ya shiga ya zauna bayan azahar. Ba a jima ba ya fito rigarsa sharkaf.

Inna ta ce, "Malam, yaya iskar ciki?"

Ya ce, "Lafiya lau. Mantuwa na yi a waje." Bai koma ba.

Bayan sati ɗaya ledar ta ɓace, sangen sauro na ɗakin baƙi guda biyu su ma suka ɓace. Muka iske ya ɗinke sangen wuri guda ya lulluɓe ɗakin tumatin. Har ya bar duniya bai yarda shawarar malamin gona ce ba, cewa yake dabarar ta zo masa ne yana alwala. Da ƙanensa ya zo daga garin Sarkin Yamma ya kwana biyu, ya yi ƙorafin sauro, Kawu ya duba hannun nasa ya ce, "Kai ai sun cije ka ka tashi da ƙafarka. Su waɗannan in ƙwaro ya taɓa su ba su da bakin faɗa."

Damina ta sauka, tumati ya yi kore shar, ya yi fure, sai furen ya riƙa zubewa. Wannan karon Kawu ya damu sosai, har abinci ya rage ci. Ni ya aika wurin malamin gona, ya ce kada in ce shi ya aiko ni. Malamin ya yi dariya, ya ce iska ce ba ta kaɗa su a ciki, a riƙa girgiza su da hantsi. Daga ranar Kawu yake bin su ɗaya bayan ɗaya yana ɗan ƙwanƙwasa su da asuwakinsa. Maƙwabciyarmu ta hango ta kan katanga, ta zo ta tambayi Inna a hankali ko an kai shi likita.

Guda bakwai suka nuna, jajaye. Ya jera su a faifai ya fita nuna wa mutanen tasha. Da la'asar ya dawo da faifan babu komai. Ya ba liman, ya ba wata mai jego, ya ba mai gyaran taya, har malamin gona ya samu biyu. Inna ta tambaye shi ina namu.

Ya ce, "Habsu, mu da muka ga girmansu? A bar wa waɗanda ba su gani ba."

Da kakar bara ya kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Ranar addu'ar uku wata tsohuwa ta zo daga Safo a amalanken jaki, babu wanda ya san ta a cikinmu. Ta ce duk shekara yakan aika mata dashe a gwangwani, da shi take miyar jikokinta marayu. Ko Inna sai ranar ta ji wannan labari.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya sanyaya makwancinsa, ya yafe masa kurakuransa, ya ba Inna haƙuri. Amin.