Ledar da Na Jiƙa

A Nguru na koyi saƙar tabarma, a gefen mahaifiyata. Tana da wani zanen saƙa nata, mai lanƙwasa kamar ruwan tafki idan iska ta shafe shi. Ba ta taɓa bayyana mini yadda ake yin sa ba, kallo kawai nake yi. Da aure ya kawo ni Gashuwa na bar kaba shekara da shekaru. Allah ya yi mata rasuwa, zanen ya rage a hannuna ni kaɗai, in ma yana nan.

Bara malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce mu tsince ledar da ta cika bakin kogi, mu saƙa babbar tabarmar bango mai hoton garinmu. Ni da leda ta kashe wa awaki biyu, ban yi musu ba. Muka tsinto buhu-buhu, muka wanke, muka shanya. Iska na kaɗa su a igiya, sai ka ce balbela ce ta sauka a tsakar gida. Muka yanka siri-siri. Wata ta ɗauki gonar shinkafa, wata barkono da jar leda. Ni aka ba ni kogin, da shuɗiyar leda.

Kwana uku ina saƙawa ina warwarewa. Leda santsi gare ta, ba ta da ƙamshin komai, kuma sauri nake yi kada a bar ni a baya. Zanen ya ƙi zuwa. Na fara tsoron ko ya tafi tare da mai shi.

Rana ta huɗu da hantsi, ban san sanda na ɗebo ruwa a kwano na tsoma ledar ba, yadda ake jiƙa kaba ta yi laushi.

Maƙwabciyata ta leƙo. "Yaya, leda kike jiƙawa? Wannan da ta shekara a kogi ba ta sha ko ɗigo ba?"

"Ƙyale ta," in ji mai saƙa barkono, "ƙila miya za ta yi mana."

Na yi dariya tare da su, amma ban cire hannuna ba. Sanyin ruwan ya hau yatsuna a hankali. Surutun ya yi nisa. Sai ga mahaifiyata a idon zuciyata, a inuwar zaure, ta tsoma, ta yarfe, ta ja numfashi, sannan ta ɗora sirin kabar a kan biyu ta cusa shi ƙarƙashin ɗaya. Na tsoma, na yarfe, na ja numfashi. Hannuna ya tafi da kansa. Kafin azahar shuɗin ya fara lanƙwasa.

Tabarmar tana bangon ajinmu yanzu. Idan an buɗe taga, kogin yakan ɗan motsa.

Washegarin ranar da na jiƙa ledar maƙwabciyata ta zo ta zauna kusa da ni, ta ajiye nata kwanon. "Kada ki ce komai, Yaya," ta ce. "Nuna mini kawai."