Ranar da na gaya wa likita muna jiran baƙo

Likita Bature ya riga ya zazzago ƙwayoyin magani a tafinsa lokacin da na tuna akwai abin da ban gaya masa ba. A Haɗeja ne, zamanin mulkin Turawa. Amaryata Hajjo ce ke fama da zazzaɓi, a kwalekwale muka ɗauko ta daga Guri don ruwa ya cinye hanya.

Tana da cikin fari wanda bai fito ba tukuna, kuma na sha jin cewa wani maganin zazzaɓin yana zubar da ciki. Amma ga Inna mahaifiyata a tsaye, ga surukina a gefe. A gidanmu na Fulani ba a ambatar cikin fari gaban manya. Ko da Turanci, kalmar kai tsaye ta yi min nauyi a baki.

Sai na tuna malaminmu na ajin yamma ya koya mana yadda Turawa ke sakaya zance. Na sunkuyar da kai na ce, "Sir, she is expecting."

Ya dube ni, ya mayar da ƙwayoyin cikin kwalba, ya ɗauko wasu.

Muna fitowa Inna ta ce, "Kai, me ka raɗa wa Nasaran nan har ya sauya magani?"

"Cewa na yi muna jiran baƙo, Inna."

Ta kau da kai tana gyara mayafi. "Ashe su ma suna da kunya."

Baƙon ya iso lafiya, yau shi ma har ya yi furfura. Jiya 'yarsa ta turo hoton awon cikinta a dandalin dangi na waya, kowa yana kallo, ni ma na yi mata barka.

A gidanku fa, da wace kalma ake faɗin wannan albishir?