Na Ɗauka Gwaji Kamar Gwada Hula Ne

A shekarar da nake magana a kai, ina da ƙaramin shago a Jega, inda nake buga wa mutane takardu da kwamfuta. Ilimina bai wuce sakandare ba, aikin ma a hannun wani na koya. Na iya bugu da sauri, amma abin da ke cikin na'urar ban san shi ba. A wannan shekarar ce Allah Ya karɓi ran matata, bayan gajeriyar jinya.

Wata rana kafin rasuwarta ta kawo mini abinci shago, ta tarar ina gwada sabon makirufo. Na miƙa mata na ce ta faɗi wani abu. Ta yi dariya, ta ce ba ta da abin faɗi sai dai in daina sayo mata albasar da ta fara tsiro, mutum yana maƙwabtaka da Aliero, garin albasa, amma bai iya zaɓen albasa ba. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Na ajiye ta a kwamfutar na manta. Bayan rasuwar na gane ita kaɗai ce muryarta da ta rage a duniya.

Surukata tana zaune a Maiyama, kuma marigayiyar ce 'yarta ta fari. Saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ko a ranar jana'iza ban ga hawayenta ba. Da ta ji labarin muryar, sai ta aiko ƙanin matata ya gaya mini, in babu takura, ranar sadakar arba'in in zo mata da maganar yarinyar nan. Na amsa da to.

Saura kwana uku, wani mai kawo mini aiki ya ba ni faifai. Ya ce sabuwar babbar manhajar kwamfuta ce da ba a gama fitarwa ba, ta gwaji ce. Kalmar nan ita ta yaudare ni. A wurina gwaji shi ne ka ɗora hula a kasuwa, in ba ta yi maka ba ka cire ka mayar da taka. Ga shi zaman shiru ya ishe ni, ina neman abin da zai ɗauke mini hankali. Ban kwafi komai ba na saka faifan, duk abin da ya tambaye ni da Turanci na danna na wuce. Da ta gama, allon ya fito da kyau ƙwarai, amma takarduna babu, muryar ma babu. Na duba ko'ina. Na zauna har la'asar ban buɗe wa kowa ƙofa ba, ina tunanin da wane baki zan gaya wa tsohuwar.

Washegari na ɗaure kwamfutar a bayan kabu-kabu na tafi Aliero, wurin wani dattijo mai gyara. Na roƙe shi ya goge sabuwar ya mayar mini da tsohuwar, don a zatona da ta dawo kayana za su biyo ta. Ya dube ni, ya ce da ya yi abin da na roƙa, da shi ne zai ƙarasa kashe abin da nake nema. Ya tambaye ni ko na zaɓi gogewa lokacin sakawa, na ce wallahi ban san me na zaɓa ba. Ya yi ta bincike har ya buɗe wata folda, wato ma'ajiya, da sabuwar manhajar ta tara tsofaffin kaya a ciki. Ya danna wani abu, sai dariyarta ta cika shagon. Dattijon ya tashi ya fita waje, ya ce zai duba janareta, alhali akwai wuta.

Ranar arba'in, bayan jama'a sun watse, na kunna wa surukata a ɗakinta, ina durƙushe daga bakin ƙofa. Ta saurara kanta a sunkuye. Da muryar ta ƙare, sai ta ce, “Gaskiya ta faɗi, ɗan nan. Albasar da kake kawo mini ma haka take.” Sannan ta ce, “Maimaita mini.”

Yau muryar tana faifai uku, ɗaya yana Maiyama. Allah ne Ya rufa mini asiri, ba dabarata ba. Ina roƙon duk mai karanta wannan, kafin ka gwada sabon abu a kwamfutarka, ka fara kwashe abin da ba ka da na biyunsa. In kuma ka riga ka yi kuskuren, kada ka yi saurin gyarawa da kanka. Ni takardun ko da sun ɓace zan sake bugawa. Wadda ta yi dariyar nan ba zan sake miƙa mata makirufo ba.