Sallamar Da Ban Amsa Ba

Lokacin da wannan abu ya faru ban cika shekara talatin ba. Ina zaune da maigidana a unguwar Hindawiyya cikin garin Makka, 'yan shekaru bayan ƙasarmu ta sami mulkin kai. Daga wani ƙauye muka fito a ƙasar Katsina, muka bi ta Chadi da Sudan, muna tsayawa cirar auduga duk inda guzuri ya ƙare, har Allah ya nufe mu da ƙetare teku. Da muka sauke farali sai Malam, haka nake kiransa, ya ce mu ɗan zauna mu nemi na komawa. Zaman ya miƙe. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, muka shiga sahun waɗanda ake ce wa takari. Shi yana aikin gini wurin wani ɗan kwangila, ni ina dama kunun tsamiya ina sayarwa a ƙofar gida. Allah bai bar mana ɗa ba, daga ni sai shi.

Larabcin Malam na bakin aiki ne, ɗauko, miƙo, sauke. Nawa kuwa bai wuce na salla ba. Yakan yi mini tsiya ya ce shekara da shekaru a ƙasar Larabawa amma ko tumatir ban iya tayawa ba, ni kuma in ce ai shi da ya iya ban ga an naɗa shi alƙali ba. Ɗan kwangilar ya san sarai ma'aikatansa ba su da takarda, don haka ma yake ɗaukarsu. Ya hana su yin Hausa a wurin aiki, wai tana jawo idon hukuma.

Gidan da muke haya na katako ne da kwano, ɗakuna jere, kusan kowa a ciki irinmu ne. Akwai wata tsohuwa 'yar Damagaram da muke kira Goggo, ta fi kowa daɗewa, ita ce uwar gidan. Ranar da muka tare ta gaya mini dokar wurin: duk baƙon da ya zo tambayar wani, ba a san shi ba, ko da uwar da ta haife ki ake nema. Ta ce akwai masu jin Hausa da ke yi wa askarawa jagora, yau su yi sallama, gobe mota ta zo ta kwashe gida zuwa Jidda. Na ga an yi wa maƙwabtanmu haka, don haka na riƙe dokar da hannu biyu.

Ran da abin zai faru Malam ya kurɓi kunu da safe, ya yamutsa fuska ya ce tsamin ya yi yawa, amma in rage masa ya sha in ya dawo. Kafin azahar sai ga ɗan kwangilar da kansa, shi da bai taɓa taka unguwarmu ba, tare da wani haifaffen Makka mai yi masa tafinta. Suka miƙo mini hular Malam. Tafintan ya ce katakon da suke takawa a saman gini ne ya karye, Malam ya faɗo, nan take rai ya yi halinsa. Ya ce kada in kuskura in je neman gawa, domin za a tambayi wanda ya ɗauke shi aiki da inda yake kwana, daga nan sai a kwashe gidan gaba ɗaya. Wai ɗan kwangilar ya ɗauki nauyin wanka da likkafani, da la'asar za a yi wa Malam salla a Harami, kuma wace sa'a ce ta fi mutum ya cika a Makka. Abu ɗaya na iya tambaya, ko ya samu yin kalmar shahada. Tafintan ya ce ya yi, ba tare da ya juya ya tambayi ubangidansa ba. Sai daga baya na tuna da wannan.

Da la'asar Goggo ta riƙe hannuna muka tafi Harami. Bayan an idar aka shigo da gawawwaki a lulluɓe, muna can nesa cikin mata. Na dube su, na zaɓi wata mai tsawo kamar tsawonsa, na ce a raina wannan shi ne. Ita na bi da ido ina kuka har aka fita da ita. Na dawo na shiga takaba, na kife tukunyar kunu.

Ban daɗe da shiga ba, wata rana da hantsi ina zaune a ɗaki na ji sallamar mace a ƙofar gida. Hausarta irin ta mutanenmu da suka tashi a Sudan ce, rabi Larabci, harshen ya karye. Ta ce tana neman matar wani magini mai tsagar Katsinawa, wadda ke sayar da kunu. Goggo ta ce mata nan gidan gyaɗa ake soyawa, ba su san wata mai kunu ba. Matar ta rantse da Allah alheri ne ya kawo ta, ta ce a asibiti take shara, mijin matar yana can kwance yana nemanta. Na miƙe tsaye. Hannuna ya kai kan labule. Tsakanina da ita bai wuce taku kaɗan ba. Sai na tuna da gawar da na gani da idona, da hular da ke ƙarƙashin matashina, da yaran maƙwabta da ke wasa a tsakar gida, na koma na zauna. Bayan ta tafi Goggo ta shigo tana huci, ta ce 'yar nan kin ga rashin imani, yanzu har da matacce suke ɗana tarko. Matar ta sake dawowa wata rana, wani maƙwabci ya sallame ta da amsa iri ɗaya.

Na gama takaba ni kaɗai da bangon kwano. Da aikin hajji ya zagayo na sami aikin wanke tukwane a wata rumfar alhazai a Arfa. Ina layin ɗiban ruwa na ji muryar nan a bayana, ba zan taɓa mance ta ba. Tana gaya wa wata cewa mutanen Hindawiyya sun fi dutse tauri. Na juya na gaishe ta, na ce ni ce mai kunun. Ta ja ni gefen wata rumfa muka tsuguna.

Ta ce wata mota ce ta ajiye Malam a ƙofar asibiti ta wuce, bayansa a karye. Aka rubuta shi a wanda ba a san ko wane ne ba. Ɗan Larabcin da ya iya duk ciwo ya tafi da shi, Hausa kawai ke fita, babu mai gane ko ruwa yake roƙo ko juyi yake so a yi masa. Tana shara ta ji shi, ta amsa. Da likita ya sa ta tambayi sunansa da inda yake zaune sai ya ƙi faɗa, don kada a bi sawu a zo gidanmu. Ita kaɗai ya raɗa wa kwatance, ya ce ta gaya mini in kawo masa sauran kununsa, tsamin ma ya yafe. Da na ji wannan na san ba ƙarya take yi ba. Ta ce ya yi kwanaki yana juya ido wajen ƙofa. Da ta rasa ni sai ta dama masa da kanta, ya kurɓa ya yi mata godiya, ya ce amma ba hannun matarsa ba ne. A gabanta ya cika, kuma ya yi shahada. Inda aka binne shi ba ta sani ba. Ba ta ga laifina ba, ta riƙe hannuna tana cewa 'yar'uwa ki yi haƙuri.

Na nemi ɗan kwangilar. Ta bakin tafintan ya ce bai taɓa ɗaukar mai irin wannan kama aiki ba. Wanda ba shi da takarda ba shi da inda zai kai ƙara, wanda ba shi da harshe kuma ko ya je ba zai iya faɗa ba. Bayan wasu shekaru kamen da nake gudu ya same ni a bakin kasuwa, aka dawo da ni gida.

Yanzu na tsufa. Ina jin ana gardama, wasu na cewa takari su suka jawo wa kansu, wasu na cewa laifin masu ɗaukarsu aiki ne. Ban isa in raba wannan gardama ba. Mun karya dokar ƙasar mutane, ban musa ba. Amma wanda ya mori ƙarfin mutum yana da lafiya, bai kamata ya jefar da shi a bakin ƙofa ba ran da ya karye. Ga masu shirin tafiya su maƙale, ina roƙonku ku sake tunani, domin zaman ɓuya yana koya wa mutum tsoron kowa, har da wanda Allah ya aiko masa da alheri. In kun je, ku koyi harshen mutanen, mata ma su koya, kada ku bar wani ya zama bakinku da kunnenku. Kuma kada ku karɓi labarin mutuwar naku daga wanda shirunku zai amfana, ku je ku gani.

Har yau ina yi wa mai gawar da na zaɓa a Harami addu'a tare da Malam, tunda shi ya karɓi kukan da ba nasa ba. Jikokin ƙanena da nake zaune a gidansu suna yi mini dariya, wai duk wanda ya yi sallama, ko ba ni yake nema ba, ni ce nake fara fita. Ban taɓa gaya musu dalili ba.